Bakin Ma'aikacin Gwamnati: Nasa Ne Ko Na Mai Biyansa Albashi?

Bismillahi. Ga mas'alar yau. Mutum ya kama aikin hukuma, yana akawu, ko malamin makaranta, ko ɗan sanda. Shin ya halatta ya shiga jam'iyya, ko ya soki shugabanni a bainar jama'a, ko kuwa albashin da ya ke karɓa ya saye bakinsa? Kada attajiri ya ce wannan ba ta shafe shi ba, gama lasisinsa da takardar kwastan duk ta hannun ma'aikatan nan su ke bi. Ƙasashen duniya sun yi saɓani a kanta, bari mu bi su ɗai ɗai.

Mu fara da Amurka. An taɓa korar wani ɗan sanda a garin New Bedford saboda harkar siyasa, ya kai ƙara. A shekarar 1892 Alƙali Holmes ya yanke cewa yana da ikon maganar siyasa, amma ba wanda ya wajabta a ba shi aikin ɗan sanda. Watau wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A 1939 kuma aka kafa Dokar Hatch, wadda ta hana ma'aikatan Gwamnatin Tarayya yi wa jam'iyya yaƙin zaɓe. An sassauta ta a 1993, sai dai har yanzu ba su yin siyasa a bakin aiki.

Daga baya alƙalansu suka sake nazari. Wani malamin makaranta a Jihar Illinois, Pickering, ya aika wa jarida wasiƙa yana sukar yadda hukumar makarantu ta ke kashe kuɗi a kan wasanni, sai aka sallame shi. A 1968 Kotun Ƙoli ta ba shi gaskiya, ta ce a ɗora abu biyu a mizani: hakkinsa na ɗan ƙasa mai magana a kan al'amarin jama'a, da bukatar hukuma ta gudanar da aiki lami lafiya. A 1976 ta hana sabon shugaba korar ƙananan ma'aikata don kawai su 'yan wata jam'iyya ne. Amma a 2006, cikin shari'ar wani lauyan gwamnati mai suna Ceballos, ta ce maganar da ma'aikaci ya yi a matsayin aikin ofishinsa ba ta shiga wannan kariya ba.

Ingila kuwa ta bi hanyar rarraba ma'aikata kashi uku. Manya, waɗanda ke ba ministoci shawara, an hana su siyasar ƙasa. Na ƙasa, irin leburori da masu aikin hannu, an sake musu mara. Na tsakiya sai sun nemi izini. Hujjarsu ita ce, babban sakatare yau yana yi wa ministan wannan jam'iyya aiki, gobe na waccan, tilas kowannensu ya amince da shi. Kuma ma'aikaci ba ya zama ɗan Majalisar Dokoki sai ya ajiye aiki.

A Faransa an bambanta tsakanin zuciya da harshe. A 1953 gwamnati ta hana wani mai suna Barel da waɗansu abokansa zana jarrabawar shiga makarantar horar da manyan ma'aikata, don ana zarginsu da ra'ayin kwaminisanci. Babbar kotun da ke duba ayyukan hukuma ta soke wannan hani, ta ce ba a toshe wa mutum ƙofar aiki saboda ra'ayinsa. Ma'aikacin Faransa yana iya riƙe katin jam'iyya, yana iya tsayawa zaɓe. Abin da aka ɗora masa shi ne kamun kai: ya auna kalmominsa, kuma gwargwadon girman muƙami, gwargwadon nauyin wannan wajibi.

Jamus ta fi su tsanani, domin abin da ta gani a zamanin Hitila. Can ma'aikaci wajibi ne ya zama mai biyayya ga tsarin mulkin ƙasa. A 1972, zamanin Willy Brandt, aka yanke shawarar bincikar masu neman aiki don a tsame masu tsattsauran ra'ayi. Wata malama, Dorothea Vogt, mai koyar da Jamusanci da Faransanci, ta rasa aikinta don tana cikin jam'iyyar kwaminis. A 1995 Kotun Turai ta Hakkin Ɗan Adam, alƙalai 10 a kan 9, ta ce an zalunce ta, tun da jam'iyyar ba haramtacciya ba ce, kuma ba a same ta da cusa wa yara siyasa a aji ba.

To, mu fa? Dattawa sun san yadda aka yi a zamanin En'e, lokacin da ma'aikacin da aka ji ƙanshin NEPU a jikinsa ya kan kwana da fargaba. Malam Aminu Kano kansa barin aikin koyarwa ya yi a 1950, sa'an nan ya shiga siyasa gadan-gadan. Tsarin mulkin 1999 ya ba kowane mutum 'yancin faɗin ra'ayi a sashe na 39, da na shiga ƙungiya ko jam'iyya a sashe na 40. A 2003, cikin shari'ar Hukumar Zaɓe da Alhaji Balarabe Musa, Kotun Ƙoli ta rushe sharaɗin da ya hana ma'aikaci zama ɗan jam'iyya. Duk da haka ƙa'idodin aikin gwamnati suna ɗauke da hani a kan harkar siyasa, shi ya sa gardama ba ta mutu ba tsakanin shugabannin ma'aikata da ƙungiyoyin ƙwadago. Abin da ba saɓani a kansa shi ne, mai son tsayawa zaɓe sai ya ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin ranar zaɓe.

In mai hankali ya tattara waɗannan hukunce-hukunce, zai ga tambaya uku ce su ke kewayawa. Ta fari, wane muƙami mutumin ya ke riƙe? Masinja da babban sakatare ba ɗaya ba ne. Ta biyu, da wane baki ya yi magana, na ɗan ƙasa a zauren gidansa, ko na ofis da hatimin hukuma? Ta uku, wace ɓarna aka tabbatar? Zato ba ya isa hujjar raba magidanci da abincin iyalinsa.

Ni dai a nawa gani, duka ɓangarorin biyu akwai haɗari. In aka bar ofis ya zama rumfar jam'iyya, falke zai je neman takarda a fara duban launin hularsa kafin a dubi hakkinsa. In kuma aka ɗaure bakin ma'aikata ƙurmus, wa zai faɗi inda kuɗin asibiti da na makaranta su ke zurarewa, alhali su ne suka fi kowa sani? Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Kuma wanda ya yi murna yau don an kori ɗan hamayya, ya tuna mulki juyi ne, gobe da wannan wuƙa za a yanka ɗansa.

Saboda haka ina jan hankalin iyaye masu 'ya'ya a aikin hukuma, ku gaya musu su karanta ƙa'idar aikinsu tun kafin su buɗe baki, balle a wannan zamani da kalma ɗaya a Facebook kan kai kunnen shugaba kafin la'asar. Su riƙe ra'ayinsu, su jefa ƙuri'arsu inda su ke so, amma duk wanda ya zo gaban teburinsu su yi masa aiki ba tare da tambayar jam'iyyarsa ba. Shugabanni kuma su ji tsoron Allah, kada su mai da albashin baitulmali linzami.

Allah shi ba mu shugabanni masu adalci da ma'aikata masu amana, amin. Haza wasalam.