Mai Neman Labari da Mai Ƙaga Labari

Yau zancenmu a kan Abubakar Adam Ibrahim ne, haifaffen Jos a 1979. Ya yi shekaru yana aikin jaridar Daily Trust a Abuja, kana ya mai da himmarsa wajen ƙaga labari.

Aikin ɗan jarida shi ne ya faɗi wane ya yi kaza, ran kaza, a wuri kaza. Amma fa iyakarsa zaure. Abin da ke bayan labule ba shi da ikon shigarsa, in kuwa ya kutsa, ya faɗa binciken asirin mutane, abin da Suratul Hujurati ta hana.

To, a 2015 ya fitar da littafinsa na Turanci, Season of Crimson Blossoms. A ciki ya kawo Hajiya Binta, mai shekara 55, wadda aka kashe mijinta a rikicin Jos. Ta afka cikin mu'amalar ɓoye da wani saurayi shugaban 'yan daba. Marubucin ya bi sawun abin har gindinsa, watau ɗanta na fari da ya rasu, wanda alkunya ta hana ta ko kiran sunansa, balle ta nuna masa ƙauna. A 2016 littafin ya ci gasar adabi ta NLNG, mai ladan dala 100,000.

Wani zai ce, ashe ba ƙarya ke nan ba? Mu tuna da Makamatul Hariri, makama 50 da muke karantawa a zaure. Abu Zaidi da Harisu ɗan Hammamu ƙagaggu ne, duk da haka malamai ba su yar da littafin ba. Ƙarya ita ce a ruɗi mai sauraro. Wanda ya ce maka misali zai buga, bai ruɗe ka ba.

Mai ƙaga labari yakan rufe sunan mutum ya buɗe halinsa, ta haka a ga ciwon ba tare da an tozarta mai shi ba. Sharaɗi dai kada ya ƙawata alfasha, kada kuma ya siffanta maƙwabcinsa har a gane shi. Mu kuwa masu karatu, sai mu duba gidajenmu: zawarawa nawa ne ke ƙunshe da baƙin cikin da ba wanda ya taɓa tambayarsu?

Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin. Wassalamu.