Jatan lande mai guduma: Abin da ya kamata a sani kafin a ajiye shi a gida

Masu sha'awar kiwon halittun teku cikin tankin gilashi a Amurka da Turai suna da wani labari da suka saba ji daga bakin juna. Mutum zai sayo duwatsun murjani domin ƙawata tankinsa, bayan 'yan makonni sai ya fara jin wani ƙas-ƙas da tsakar dare. Da safe ya tarar da ɓawon katantanwa a farfashe, ƙaramin kifi ɗaya ya yi ɓatan dabo. Sau da yawa mai laifin ya shigo ne a ɓoye cikin ramin dutsen: wata halitta da Turawa ke kira mantis shrimp, saboda hannuwanta na gaba suna naɗewa irin na ƙoƙiƙoƙi.

Wasu kan yi ta neman hanyar kawar da shi, wasu kuwa da gangan suke sayen sa. A gaskiya ba jatan lande ba ne na ainihi, ɗan uwansa ne na nesa, kuma akwai nau'o'insa fiye da 400. Sun kasu gida biyu: masu mashi, waɗanda ke soke kifi da hannu mai ƙayoyi, da masu guduma, waɗanda ke fasa ɓawon ƙaguwa da katantanwa. Wanda ya fi farin jini a kasuwa shi ne mai launin ɗawisu, Odontodactylus scyllarus, mazaunin tekun Indiya da Fasifik, wanda tsawonsa kan kai santimita 18.

Gudumar ce ta sa ya yi suna. A shekarar 2004, Sheila Patek da abokan aikinta na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun auna bugun da kyamara mai saurin ɗauka, suka ga yana kai mita 23 a daƙiƙa ɗaya, a cikin ruwa kuwa. Tsoka kaɗai ba za ta iya haka ba. Dabbar tana tara ƙarfi ne a wani sashe na ɓawon hannunta kamar yadda maharbi ke ja baka, ta riƙe shi da wani maƙalli, sannan ta sake lokaci guda. Saurin yakan haifar da kumfa a cikin ruwan, kumfar ta fashe da ƙarfi, ta yadda abin da aka buga yakan sha duka biyu a bugu ɗaya. Shi ya sa masunta suka laƙaba masa suna mai tsaga babban yatsa.

Tambayar farko da kowa ke yi ita ce ko zai iya fasa gilashin. Yana yiwuwa, domin a 1998 wani da aka sa wa suna Tyson ya fasa gilashin tankinsa a gidan nuna halittun ruwa na Great Yarmouth a Ingila. Sai dai abin ba kasafai yake faruwa ba, kuma ƙananan nau'o'i ba su da wannan ƙarfin. Haɗarin ya fi yawa idan babba yana haƙa rami ya ci karo da gilashin ƙasa, ya ɗauka dutse ne da ya tare masa hanya. Maganin mai sauƙi ne: a yi amfani da tankin roba mai garai-garai da ake kira akirilik, ko a shimfiɗa fallenta a ƙarƙashin yashi.

A ganina tsoron gilashi ya ɗauke hankalin mutane daga abin da ya fi kashe dabbar, wato ruwa. Ana buƙatar gishiri kusan giram 35 a kowace lita, kuma gishirin teku na musamman da ake haɗawa domin tanki, ba na miya ba. Zafin ruwan ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27 a ma'aunin Selshiyas. Kafin a saka dabbar, sai tankin ya yi makonni yana aiki har ƙwayoyin bakteriya masu narkar da amoniya su zauna, in ba haka ba kashinta ne zai zame mata guba. Idan ruwa ya ragu saboda tururi, da tataccen ruwa marar gishiri ake cikawa, tunda gishirin bai tafi ko'ina ba. Maganin kifi mai ɗauke da sinadarin jan ƙarfe kuwa ajalinsa ne. Duk wannan ya rataya ne a kan famfo da matata da ba sa tsayawa dare da rana, don haka wanda ke zaune inda wutar lantarki ke yawan ɗaukewa, ga kuma zafin bazara, sai ya fara tanadin sola da na'urar sanyaya ruwa.

Shi kaɗai ake ajiyewa. Duk abin da aka saka masa a matsayin maƙwabci, abinci ne ko abokin faɗa, har da ɗan uwansa. Babba yana son tankin da bai gaza lita 100 ba, da yashi, da tsakuwar murjani da zai riƙa jera wa ƙofar gidansa, da lanƙwasasshen bututun roba a madadin rami. Haske mai ƙarfi da gurɓataccen ruwa suna da alaƙa da ciwon da ke cin ɓawon mai launin ɗawisu. Abincinsa naman jatan lande ne da na kifi, a miƙa da dogon matsefi, ba da hannu ba, tare da katantanwa ko ƙaguwa mai ɓawo lokaci-lokaci domin gudumar ta samu aiki.

Lokacin da ya fi rauni shi ne na saɓa. Zai daina cin abinci, ya toshe ƙofar raminsa, ya ɓace kwanaki. A nan ne sababbin masu kiwo ke kuskure, su ɗaga dutse domin su duba ko yana raye, alhali sabon ɓawonsa bai yi tauri ba. A ƙyale shi, a kuma bar masa tsohon ɓawon, domin yakan ci shi.

Kusan duk waɗanda ake sayarwa daga teku aka kamo su, tunda renon 'ya'yansu a tanki yana da wuya ƙwarai, kuma wanda ya samu kulawa yakan yi shekaru. Ladan mai kiwon shi ne kallon idanunsa, kowanne a kan sandarsa yana juyawa daban, suna bin duk wanda ya gifta a ɗakin. Suna da nau'in ƙwayoyin gane launi har 12, ɗan Adam kuwa uku gare shi. Amma wani binciken Jami'ar Queensland ta Ostireliya a 2014 ya nuna cewa wajen bambance launuka masu kama da juna, mutum ya fi shi.