Erlkönig: Waƙar da mai kisa ya fi kowa daɗin murya

A shekarar 1815, Franz Schubert, matashi ɗan shekara 18 a birnin Vienna na ƙasar Ostiriya, ya ɗauki wata rubutacciyar waƙa ta shahararren marubucin Jamus, Goethe, ya sa mata karin murya da kiɗan fiyano. Sunanta Erlkönig, wato sarkin aljanu. Labarin gajere ne: uba na sukuwa a kan doki cikin dare, rungume da ɗansa. Yaron yana ganin aljani yana kiransa, uban kuwa yana ta kwantar masa da hankali cewa hazo ne kawai da iska. Kafin su isa gida, yaro ya cika.

Mawaƙi ɗaya ne ke ɗauke da muryoyi huɗu, ta mai ba da labari, ta uba, ta ɗa, da ta aljanin, duka cikin kimanin minti huɗu. Uban yana magana da murya ƙasa-ƙasa, irin ta babban da ke ɓoye tsoronsa. Yaron kuwa duk sa'ad da ya yi kururuwa, sautinsa na hawa sama da na baya, har yana karo da na fiyano ya yi wa kunne kaushi. Ana haka hannun daman makaɗi yana dukan sauti guda ba ƙaƙƙautawa, kamar kofaton doki. Makaɗa sun daɗe suna kukan yadda wannan duka ke gajiyar da wuyan hannu.

Amma inda Schubert ya yi fintinkau shi ne muryar aljanin. Da wani ne, da ya ba shi gurnani da tsawa. Shi kuwa ya ba shi kari mai taushi, a hankali, cikin irin sautin da kunnen Bature ke dangantawa da farin ciki, tamkar mai rarrashin jariri. Sai a maganarsa ta ƙarshe, da ya yi barazanar amfani da ƙarfi, zaƙin ya juye. A ganina wannan lallami ya fi kowace tsawa tayar da tsigar jiki, domin mai sauraro da kansa yakan ji yana karkata ga kiran.

A ƙarshe sukuwar fiyano ta tsaya cak. Mawaƙi ya faɗi mutuwar kusan kamar magana, kiɗa ya rufe da bugu biyu.

Waƙar ba ta samu karɓuwa nan take ba. A 1816 wani abokin Schubert ya aika wa Goethe ita tare da wasu waƙoƙin, aka mayar da su ba tare da amsa ba. Sai a 1821 aka wallafa ta a matsayin aikinsa na farko, bayan mawaƙi Johann Michael Vogl ya rera ta a bainar jama'a. Schubert ya rasu a 1828 yana da shekara 31. Bayan shekara biyu Goethe ya ji mawaƙiya Wilhelmine Schröder-Devrient ta rera ta, a lokacin ne ya yaba.