Neman Gurbin Likitanci Bayan An Manyanta: Yaushe Mutum Ya Shirya?

A shekarar 2019 wani bakanike mai suna Carl Allamby, ɗan yankin Cleveland a jihar Ohio ta Amurka, ya kammala karatun likita yana da shekara 47. Jaridu sun yi ta yayata labarin mutumin da ya ajiye sifana ya ɗauki abin awon ƙirji. Abin da masu ba da labarin suka fi tsallakewa shi ne tsawon hanyar. Ya koma makaranta tun 2006, ya yi ta haɗa darussa da aikin gareji, bai shiga makarantar likitanci ba sai 2015. Shekara tara ke nan kafin ma a fara.

Gemu ba ya hana ilimi, wannan kowa ya yarda. Tambayar da ke gaban malamin makaranta, ko nas, ko tsohon soja da likitanci ya shiga ransa yana da shekara talatin da wani abu ita ce: bana zan nema, ko sai baɗi? A ganina yawan shekaru ba shi ne ke kayar da irin waɗannan mutane ba. Tsoron shekarun ne ke sa su garaje, su miƙa takarda kafin hujjarsu ta nuna.

Sai an fahimci tsarin Amurka kafin a gane dalili. A can ba a shiga likitanci daga sakandare kamar yadda ake yi a Zariya ko Kano ko Sakkwato. Sai mutum ya yi digirin farko, kowane fanni ne, ya haɗa da darussan bayoloji, kemistiri da fiziks, sannan ya nemi shiga karatun likita na shekara huɗu. Matsakaicin shekarun masu shiga ya kai wajen 24. Masu nema a shekara sun haura dubu hamsin, waɗanda ke samun shiga kuwa dubu ashirin da 'yan kai ne. Wato fiye da rabi kan koma gida hannu rabbana, cikinsu har da matasa masu maki mai kyau.

Abu na farko da babban ɗalibi zai yi shi ne ya nemo sakamakonsa na kowace makarantar gaba da sakandare da ya taɓa shiga, ya zauna ya dube shi ba tare da ya tausaya wa kansa ba. AMCAS, kafar da ake bi wajen neman yawancin makarantun da ke ba da digirin MD, ba ta yafe tsohon laifi. Darasin da mutum ya faɗi yana ɗan shekara 19 yana nan cikin lissafi, ko da ya maimaita ya ci. Za a haɗa makin biyu ne. AACOMAS, ta makarantun da ke ba da ɗaya digirin likitan, wato DO, a da tana barin sabon maki ya shafe tsoho, amma ta daina tun 2017. Ga shi kuma matsakaicin makin waɗanda ake ɗauka a makarantun MD ya zarce 3.7 cikin 4.

To wanda ya yi wasa da karatu a ƙuruciya shi ke nan? A'a. Masu tantancewa suna ware makin darussan kimiyya da lissafi, suna kuma duba yadda maki ke tafiya shekara bayan shekara. Abin da suke nema a wurin babba shi ne sabuwar shaida: darussan kimiyya masu nauyi, waɗanda aka ɗauka kwanan nan, da yawa a lokaci guda, aka kuma ci su da kyau. Darasi ɗaya a zango, ana yi ana hutawa, ba ya nuna cewa mutum zai jure ambaliyar karatun shekarar farko. Shi ya sa jami'o'i irin su Bryn Mawr, Goucher da Columbia suke da shirye-shirye na musamman ga masu digiri da ke son sauya layi, wasu makarantun kuma suke da na masu son gyara tsohon maki. Suna da tsada, kuma mutane da dama kan haɗa nasu darussan a jami'ar jiha mafi kusa. Ko ta wace hanya aka bi, wanda bai gama wannan mataki ba bai shirya ba, komai ƙarfin niyyarsa.

Sai jarrabawar neman shiga likitanci, wato MCAT, wadda ke cin kusan awa bakwai da rabi. Sashe huɗu gare ta, ana ba da maki daga 472 zuwa 528, kuma matsakaicin waɗanda ake ɗauka a MD yana wajen 511 zuwa 512. A nan ne garaje ya fi cutarwa. Duk zaman da aka yi aka fitar da makinsa, makarantu za su gani. Sau bakwai kacal aka yarda mutum ya zauna a rayuwarsa, kuma yawancin makarantu ba sa karɓar makin da ya wuce shekara biyu ko uku. Don haka ba a shiga don a gwada sa'a, ba a kuma rubutawa tun sauran takardu ba su kusa haɗuwa ba. Ma'aunin da ya fi gaskiya shi ne jarrabawar gwaji cikakkiya, a zama ɗaya, da agogo a gefe. Idan makin gwaji bai kai inda ake so ba sau da dama a jere, ranar jarrabawa ba za ta yi wata karama ba.

Inda babba ya fi matashi shi ne gogewa, amma nan ma akwai tarko. Shekara goma a banki ko a aji tana nuna natsuwa da iya hulɗa da jama'a; ba ta nuna cewa mutum ya san asibiti. Ana so a ga ya yi mu'amala da marasa lafiya, ya bi likita a wurin aiki ya ga rubuce-rubucen da ba sa ƙarewa, da kwanan asibiti, da yadda ake gaya wa iyali mummunan labari. Nas kuwa, wadda ta san duk wannan, tata tambayar daban ce: kina kula da majinyata tun tuni, me ya sa sai likitanci? "Ina son taimakon mutane" ba amsa ba ce, don direban motar asibiti ma yana taimako. Haruffa 5,300 kawai AMCAS ta ware wa bayanin kai. Wanda ya kasa faɗin dalilinsa da baki cikin minti biyu, rubutun ma zai gagare shi. Haka wasiƙun shaida: farfesan da ya koyar da kai shekara goma sha biyar baya ba zai tuna fuskarka ba, balle ƙwazonka.

Akwai kuma lissafin da ba a rubutawa a fom, wanda sai an zauna da mata ko miji. Shekara huɗu ba albashi, sai horon ƙwarewa na shekara uku zuwa bakwai a garin da ba lallai ne kai ka zaɓa ba, da albashin da bai taka kara ya karya ba. Bashin da ɗalibi kan fita da shi ya kai kimanin dala dubu 200. Mai shekara 35 da ya shiga yau zai kai aƙalla 42 kafin ya tsaya da ƙafarsa. Idan iyali ba su ji waɗannan alƙaluma da kunnensu sun amince ba, da saura.

Lokacin miƙa takarda ma wani abu ne. Ana fara karɓa wajen ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni, kuma makarantu da yawa suna cike gurabe ne a hankali, wanda ya riga zuwa shi ake fara dubawa. Mai kammala takardunsa a Oktoba ya tarar an ci kasuwa. Idan aka ƙi mutum ya dawo makarantar baɗi, za a ɗauko tsohon fayil a tambaye shi abin da ya canza. Jinkirin shekara ɗaya da gangan ya fi wannan sauƙi, ya kuma fi arha.

Ga ɗan Najeriya ko ɗan Nijar da ya yi ƙaura da digirinsa a hannu, akwai ƙarin shinge. AMCAS ba ta tantance sakamakon jami'o'in ƙasashenmu, kuma yawancin makarantu suna so a yi darussan share fage a Amurka ko Kanada. Wanda ba shi da takardar zama ta dindindin galibi ba ya samun rancen gwamnatin tarayya, makarantun da za su duba takardarsa ma ƙalilan ne. Irin wannan mutum ya kamata ya auna hanyar gida: a Najeriya, mai digiri a fannin da ya dace zai iya neman shiga aji biyu na MBBS kai tsaye ta hukumar JAMB, ya yi shekara biyar, sai shekarar horo a asibiti. Guraben kaɗan ne, kuma kowace jami'a da nata sharuɗɗan, don haka sai a fara da karanta su kafin a sayi fom.