Masallacin Juma'a na Zariya: Yadda Ƙasa da Azara Suka Ɗauki Rufi

Wanda ya tashi a unguwar Miskin ko ta Kilomita Biyar a birnin Bangi, idonsa ya saba da masallacin bulo da kwano, da wuya ya yarda cewa jar ƙasa za ta riƙe rufi a kan sahun masallata har shekara 180 da ɗoriya. A Zariya an ga haka, a masallacin Juma'a da ke ƙofar fadar Sarkin Zazzau.

An gina shi ne a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Maginin kuwa shi ne Muhammadu Durugu, wanda wasu ke kira Malam Mika'ilu, amma laƙabinsa ya danne sunan: Babban Gwani.

Kafin a gane gwanintarsa sai an san matsalar da ke gaban kowane magini a lokacin. Ba ƙarfe, ba siminti. Abin rufi shi ne azara, wato kututturen giginya da aka faskara. Azara na da ƙarko, gara ba ta cinta da sauƙi, sai dai da ta wuce kimanin mita 2 tsakanin bango da bango, a ɗora mata ƙasa, sai ta fara lanƙwasa. Ɗakin kwana ba damuwa. To, ina ga zauren da gari guda zai taru a cikinsa ranar Juma'a?

Amsar ita ce bakan gizo. Ana dasa azara cikin bango ko ginshiƙi, a ɗora wata a kanta ta ɗan zarce ta, a ɗaure da igiya, a ƙara wata, daga wannan gefe da wancan, har su haɗu a sama. Sai a lulluɓe su da ƙasa, su fito kamar baka. Idan bakuna suka gitta juna, sai a jera gajerun azara a tsakaninsu, a shimfiɗa zana, a zuba ƙasa, a sami tulluwa. Tulluwar nan tana da amfani bayan kyau: ruwan sama ba ya kwanciya a kanta, gangarawa yake yi zuwa indararo. Babban Gwani bai ƙirƙiro dabarar ba, ya tarar da ita. Abin da ya yi shi ne ya kai ta inda ba a taɓa kai ta ba, ya haɗa manyan bakuna bisa ginshiƙai masu kauri, ya kuma ƙawata ginshiƙan da zane mai zurfi, ba fure ba dabba, layi ne da kusurwa da da'ira. A ganina, cikin wannan masallaci ya isa a jera shi da kowane gini da ake tinƙaho da shi a Afirka.

Bangon kuwa na tubali ne, wanda ake mulmulawa da hannu a shanya a rana. Gindinsa da kauri, yana tashi yana sirancewa. Kariyarsa daga damina ita ce yaɓe da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, da katsi na karofin marina. Irin wannan gini kullum yana bukatar idon magini, domin azarar tana ɓoye cikin ƙasa, in laima ta kama ta ba kowa ke gani ba.

A shekarun 1970 aka kewaye tsohon zauren da sabon gini na siminti, fuskarsa ta waje ta ɓuya. Kafin nan wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya auna masallacin ya zana shi, daga baya aka gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos.

Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana cikin sallar La'asar, wani sashe na rufin ya rufta a kan masallata, aka rasa rayuka. Allah ya jiƙansu. Mai son ganin yadda siffar masallacin take daga waje, kamar yadda Babban Gwani ya bar ta, yanzu sai ya nufi Jos.