Daga ina ruwan sama yake fitowa?

Uwargida ta aza tukunya bisa murhu. Ruwa ya tafasa, tururi ya tashi. Da ta ɗaga murfi, sai ta ga ɗigon ruwa a jikinsa. Tururin ne ya taɓa murfi mai sanyi, ya koma ruwa.

To, haka ruwan sama yake. Rana ita ce wutar, teku ita ce tukunyar. Zafin rana yana tada tururi daga teku. Tururin ya hau sama, inda akwai sanyi, ya zama girgije. In girgije ya yi nauyi, sai ruwa ya zubo.

Amma Nijar ba ta da teku. Wa ke kawo muna tururin? Iska ce. Iska biyu gare mu. Ta hunturu tana fitowa daga hamada, arewa maso gabas. Busassa ce, ƙura kawai take kawowa. Ta damana tana fitowa daga tekun Atlantika, kudu maso yamma. Tana ratso Binin da Najeriya ɗauke da laima. Mukan ga hadari ya taso daga gabas, amma yawancin laimar da ke cikinsa daga kudu ta zo.

Shi ya sa kudu ke riga arewa samun ruwa, kuma ta fi ta samu. Gaya takan samu wajen milimeta 800 a shekara. Maraɗi wajen 500. Agadas ba ta cika kai 200 ba. Milimeta 1 shi ne lita 1 ta ruwa bisa fili mai tsawon mita 1, faɗin mita 1.

Shekaru ba ɗaya ba ne. An yi babban fari a 1973 da 1984. A 2020 da 2024 kuwa, ambaliya ce ta rushe gidaje.

Ga abin lura ga manomi. Ruwan farko yakan yi ruɗi. Iskar damana takan zo, ta ja da baya. Wanda ya yi shibka da ɗan yayyafi, irinsa na iya tsira ya ƙone. Masana noma sun ce a jira ruwa wajen milimeta 20. Ka saurari rediyo, ka kuma tona ƙasa ka ga inda laima ta kai.

Ruwan da ya faɗo ba ya ɓata. Wani ya bi ƙorama zuwa gulbi. Wani rana ta sake ɗauke shi sama. Wani ya nutse ƙasa, shi ne abincin hatsi da ruwan rijiya. Tassa, da rabin-wata, da jeren duwatsu suna tsaida ruwa har ƙasa ta sha. Saukar ruwa ba hannunmu take ba. Riƙe shi a gona kuwa, aikinmu ne.

Tambayoyi
1. Wace iska ke kawo damana?
2. Don mi Gaya ta fi Agadas ruwa?
3. A garinku, yaya ake tsaida ruwa a gona?