BABI NA UKU: GIDAN ƊAN HAUSA, DAGA GIDAN GANDU ZUWA GIDAN TARIHI

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin tsarin noma a ƙasar Bici da ƙauyukanta. Wannan babi kuwa zai dubi Gidan Ɗan Hausa da ke unguwar Nassarawa a Kano, wato tsohon gidan gandu da aka mayar gidan tarihi. Za a duba asalinsa, da abin da mai ziyara zai tarar a cikinsa, sannan a auna shi da abin da ya rage na rayuwar gandu a ƙasar Bici.

3.1 Ma'anar Gandu

Kalmar gandu tana da ma'ana iri biyu a wurin Bahaushe. Ta farko ita ce babbar gonar gida, wadda magidanci yake nomawa tare da 'ya'yansa da ƙannensa, a ci daga rumbu ɗaya. Bisa al'ada ana aikin gandu tun da safe har zuwa azahar, bayan nan kowa ya nufi gayaunarsa, wato ƙaramar gonar da amfaninta nasa ne shi kaɗai.

Ma'ana ta biyu ita ce gandun sarki. A ƙarni na 19 sarakunan Kano sun mallaki manyan gandaye a wurare irin su Fanisau da Ɗorayi da Nassarawa. Bayi ne suke noma su, a ƙarƙashin kulawar manyan bayin sarki kamar Shamaki da Ɗan Rimi. Daga nan ake samun hatsin da ake ciyar da fada da baƙinta da dawakinta.

3.2 Asalin Gidan

Gidan da ake kira Gidan Ɗan Hausa a yau, tun asali mazaunin mai kula da gandun sarki na Nassarawa ne. Bayan Turawa sun ci Kano a shekarar 1903, sai suka kafa mazauninsu a wannan yanki da ke gabas da ganuwa. A zamanin Sarki Abbas ne gidan ya koma hannun Hanns Vischer, Baturen da aka haifa a ƙasar Siwizalan a 1876, ya kuma yi wa gwamnatin Ingila aiki. Saboda yadda Hausa ta zauna a bakinsa mutane suka laƙaba masa suna Ɗan Hausa, sunan kuma ya bi gidan har yau.

A shekarar 1909 Vischer ya buɗe makarantar boko ta gwamnati ta farko a Arewacin Nijeriya a nan Nassarawa, a 1912 kuma ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da baƙaƙen boko. A daidai wannan lokaci gandun da kansa ya fara mutuwa, domin dokar Turawa ta 'yantar da duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilu na 1901, sannan aka soke bauta gaba ɗaya a 1936. Sannu a hankali gonakin suka zama unguwar Turawa da ofisoshin gwamnati. Daga baya aka danƙa gidan ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano.

3.3 Abin da Mai Ziyara Zai Gani

Babban abin kallo a wannan wuri shi ne ginin kansa. Gini ne na ƙasa, mai kaurin bango, wanda aka ɗora da tubali, aka rufe da azara. A cikin ɗakunan ana ganin bakan gizo, wato lanƙwasassun ginshiƙan da suke ɗauke da rufin soro ba tare da an kafa dirka a tsakiya ba. A waje kuma akwai zankwaye da indararo da zanen magina. Kaurin bangon shi ne yake sa ɗaki ya yi sanyi da bazara, ya kuma riƙe ɗumi da hunturu. Bugu da ƙari, akwai kayan sana'o'in gargajiya da tsofaffin hotuna da aka ajiye domin ɗalibai da baƙi.

Sai dai akwai abin da ido ba zai gani ba, wato gonar da aka gina gidan dominta. Kwalta da katanga sun cinye ta. Haka kuma sunan gidan na Bature ne, saboda haka mai ziyara yana iya fita da labarin boko ba tare da ya san cewa ƙasar da ya taka gumin bayi ne ya raya ta ba.

3.4 Abin da Ya Rage a Ƙasar Bici

Wanda yake son ganin ragowar wannan rayuwa sai ya bi hanyar Katsina zuwa Bici. A nan gona tana manne da gona, ba a barin saura, sai dai a ciyar da ƙasa da takin gida kowace shekara. Har yanzu ana shuka da sungumi, a yi noma da fartanya, a yi huɗa da garma, a haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya, a ƙarƙashin gawo da ɗorawa da kuka. Abin da ake ajiyewa a gidan tarihi a birni, a nan kayan aiki ne na yau da kullum.

Amma shi ma wannan yana tafiya. Rabon gado yana ƙara tsuke gonaki, samari suna fita daga gandu da wuri su tafi birni neman kuɗi, buhu yana maye gurbin rumbu, bulo da kwano suna maye gurbin tubali da azara. Duk dattijon da ya rasu yakan tafi da sunayen irin shuka da waƙoƙin gayya da ba a rubuta ba.

3.5 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa Gidan Ɗan Hausa ya tsira ne domin an ba shi sabon aiki bayan gandun ya mutu, amma gini kawai aka iya cetowa. Saboda haka ya kamata ƙaramar hukumar Bici, tare da masu sarauta da makarantun yankin, su keɓe tsohon gidan gona guda ɗaya da rumbunansa da gonarsa, a ci gaba da noma ta bisa tsarin gargajiya, a kuma naɗi bayanan dattawa tun suna raye. A babi na gaba za a duba kayan aikin noma ɗaya bayan ɗaya, da sunayensu da maƙeransu.